Hoton Juma'a

Laraba, 2 ga Yuli, bayan azahar

Ni dai ban san wa nake rubuta wa ba. A waya nake dannawa, wajen da nake rubuta cefane. Ba ni da wanda zan faɗa wa shi ya sa. In na faɗa wa maƙota, kafin la'asar duk Mpape ta ji, kuma daga Mpape zuwa Kankiya ba nisa in dai a baki ne.

Mashkura ce ta kira da safe, ƙanwar mijina Baban Yusra, ita ke zaune da mahaifiyarsu Inna a Kankiya. Wai Inna ta ce tunda ba a zo Babbar Sallah ba, a riƙa turo mata hoton mutanen gidan duk Juma'a. Mutanen gidan! Yara ta gan su da ƙaramar Sallah. Ni kuwa me za ta yi da hotona? Kowa ya san wa take nufi, amma ba za ta faɗa ba, ɗan fari ne. Shekarata sha tara da aure ban taɓa jin ta kama sunansa ba. Wancan. Mutumin Abuja. In ya durƙusa yana gaishe ta, bango take kallo tana amsawa.

Na gaya masa. Sai da ya gama tarin sannan ya ce, "Saude, ki ɗauka ki tura. Amma in ta ga wani abu a hoton nan, ke ce."

Na ce ni ce me?

Ya ce, "Bara da ƙaninmu Hafizu ya rasu ba faɗuwa ta yi ba? Har yau hannun hagu bai dawo ba. So kike ki ƙarasa ta?"

To. Ni ce mai jinya, ni ce mai girki, yanzu kuma ni ce mai hoto.

Na ɗauka guda huɗu yana kan katifa. Na duba na goge. Ba zan faɗi abin da na gani ba. Kullum ina kallonsa da idona ban gani ba, sai da waya ta nuna min.

Alhamis, 3 ga Yuli, da hantsi

Na sauka bakin titi wajen Precious mai fasfo da fotokwafi. 'Yar Binuwai ce, yaranmu makaranta ɗaya. Hausarta kowa namiji ne, har ni. Na nuna mata guda ɗaya da ashe bai gogu ba. Ta kalli hoton, ta kalle ni, ba ta tambaye ni komai ba. Allah ya saka mata.

Ta ce, "Maman Yusra, na farko, ido na kamara naka ya sha manja." Ta goge da bakin rigarta. Ashe duk hazo-hazon nan yatsana ne na miya.

"Na biyu, ka sa taga a baya na oga. Haske a baya, mutum ya zama gawayi. Kai shi bakin ƙofa, haske ya zo ta gefe. Ba rana tsaka ba o, da safe, kamar ƙarfe tara. Kuma kar ka kunna filash. Filash mugu ne, duk ƙashi zai nuna."

Na ce Precious a hankali, ni firamare na gama.

Ta ce, "Hoto ba ya tambaya satifiket. Kar ka tsaya a kai nasa kamar ɗan sanda. Zauna. Waya daidai da ido nasa, ko sama kaɗan. Kar ka kai waya kusa da hanci, ja baya, ka jawo shi da yatsa kaɗan. Sai ka taɓa ido nasa a sikirin, ya fito tas."

Ta zaunar da ni a benci ta ɗauka, ta juya ni wajen ƙofa ta sake ɗauka. Mace ɗaya hoto biyu. Ɗaya kamar an koro ni daga gida, ɗaya kamar matar wani attajirin Maitama. Na yi dariya, rabona da dariya tun kafin Sallah. Ina hawa dutse zan koma gida sai kuma haushi ya kama ni. Ashe haka ƙarya take da sauƙi.

Juma'a, 4 ga Yuli, ƙarfe uku

An tura.

Ƙarfe tara na fito da kujerar roba bakin ƙofa. Na kwashe kwalaben magani da robar tofi na tura ƙarƙashin gado, na rataya zanen gado mai tsafta a bayansa. Na sa masa shuɗiyar shadda da hula, na ɗora masa darduma a kafaɗa. Hoton ƙarfe tara na safe ne amma sai biyu da rabi na tura, wai an sauko daga masallaci. Masallacin da rabonsa da shi sati bakwai.

Mashkura ta ce Inna ta ce masha Allah, Abuja ta karɓi wancan.

Ya ji daɗi har ya sha kunu rabin kofi. Ya ce, "Kin gani? Ba ga shi ba." Na ce na gani.

Allah ya taimake mu netwok ɗin unguwarsu ba ya ɗaukar bidiyo kol. Ko in ce bai taimake mu ba. Ban sani ba.

Lahadi, 6 ga Yuli, la'asar

Na wanke shaddar. Wuyanta ya yi masa yawa.

Laraba, 9 ga Yuli, bayan magariba

Asibiti tun safe. Likita ya ɗaga hoton ƙirjinsa ya kara a fitila. Shi ma hoto ne ai. Shi ba ruwansa da hasken gefe, ba a sa masa hula.

Ya ce shekara nawa kana aiki a wajen fasa dutse? Baban Yusra ya ce sha shida. Likita ya ce suna ba ku abin rufe hanci? Baban Yusra ya ce suna ba mu madara. Gwangwani ɗaya duk Asabar, wai tana wanke ƙurar da ke ƙirji. Likita ya ajiye biro. Daga baya ya ce in fito waje yana son magana da ni. Ya yi maganar. Na ji.

Muna dawowa muka tarar foman ɗinsu ya zo dubiya bai same mu ba, ya bar saƙo wajen maƙota. Kwali guda. Na buɗe. Madara.

Wallahi da zan iya ɗaukarsa a ka da na kai musu har ofis na juye a ƙofa. Yara suka sha shayi da ita.

Juma'a, 11 ga Yuli, bayan azahar

Jiya na gwada, ƙarƙashin idonsa ya yi rami, kumatu ma haka, inuwa ta zauna a ciki. Na kai wa Precious. Ta ce in samo wani abu fari ko mai ƙyalli in sa a cinyarsa, haske ya buga ya dawo fuska ta ƙasa, rami zai cika.

Na sauko da farantin silba na aurena. Shekara sha tara yana jere a kabad ba a taɓa cin komai a kansa ba, Gwaggo ta ce sai babban baƙo. Na goge na ɗora masa a cinya.

Ya ce, "Saude, tuwo za a zubo ko hoto?"

Na ce ka riƙe dai, ka ɗan karkato shi. Haka. Kar ka motsa.

Ikon Allah, ramin ya cika. Na tsaya ina kallon sikirin, ga mijina na shekara uku baya. Na ɗaga kai, ga wanda ke kan kujera. Na koma sikirin.

Na biyu ya tafi. Inna ta ce a gaishe da mutanen gidan.

Talata, 15 ga Yuli, ƙarfe biyar na yamma

Yau mun yi babban baƙo. Oga Nasrullahi, autansu, na ma'aikatar gwamnati, mai gida a Gwarinpa. Daga Gwarinpa zuwa nan wata biyu ya ɗauke shi. Ya bar mota a kwalta ya hau da ƙafa, tun daga ƙofa yake ƙorafin takalminsa ya yi taɓo.

Ya zauna bakin katifa da hankici a hanci. "Yaya, ya jiki? Sai haƙuri. Ai da sauƙi, Anti Saude, ko?" Na ce da sauƙi. Na duba agogo, minti sha biyu ya yi. Zai tashi sai ya rungumo kafaɗar yayansa ya ɗaga wannan ƙatuwar wayar tasa, fau, da filash.

Na ce me za ka yi da shi?

"Sitatus zan sa, a taya mu addu'a."

Na ce Mashkura fa?

"Haba Anti, ai na yi bulokin ɗinta."

Wato duk 'yan ofis ɗinsu su ga ƙasusuwan mijina su rubuta amin, uwar da ta haife shi kuwa a tura mata faranti. Na ce goge shi. Ya yi dariya, wai wasan ƙanin miji. Na tsaya a bakin ƙofa na ce ba wasa nake ba, ba inda za ka sai ka goge. Ya goge. Yana sauka ina jin sa a waya yana cewa matar Yaya ta fara taɓuwa.

Juma'a, 18 ga Yuli, la'asar

Yau har da tawul. Na ninka biyu na sa a kafaɗunsa ƙarƙashin riga, hagu da dama. Wannan ba Precious ta koya min ba, ni na ƙirƙiro. Kin ga na fara wuce malamata.

Abin da ta ce shi ne kar in ce masa yi murmushi. Wai duk wanda aka ce wa yi murmushi haƙora kawai yake nunawa. In ja shi da hira, in riƙa dannawa yana magana, ko ashirin ne, ɗaya zai fito.

Na ce Baban Yusra ka tuna ranar da ka zo zance da keken aro? Ya ce Saude bari. Na ce birki ya ƙi, ka wuce ƙofar gidanmu ka shige garken tumakin Malam Yamusa, ka fito da kashin tumaki a hula kana cewa dama tumakin ka zo gani. Ya fashe da dariya. Dariyarsa ta da, wadda yake jefa kai baya. Na danna, na danna, na danna. Sha huɗu. Na tara ya fito, kai, ko a kalanda sai haka.

Dariyar ta juye tari. Ya daɗe. Faranti ya faɗi ƙasa yana ta juyi. Hankicin da ya tare bakinsa da shi na jiƙa shi a ruwan sanyi kafin yara su dawo, ruwan zafi kama jini yake.

Na tura na tara ɗin.

Mashkura ta kira tana dariya. Wai in hoto ya zo, Inna sai ta ce mata miƙo wayar nan in ga ko caji ya cika. Ta shige ɗaki ta tura ƙofa. Sai an kira la'asar take fitowa ta ce ungo, ni ban ga komai ba, idona ba kyau.

Na yi dariya don ta ji. Na kashe waya na zauna a kicin.

Litinin, 21 ga Yuli, da safe

Ko kunu bai zauna ba.

Laraba, 23 ga Yuli, azahar

Maman Nazeefa ta gidan kusa ta kawo jaririyarta wai in ɗauka mata, ta ji an ce na iya. An ce. Wa ya ce? Na ɗauka mata a bakin ƙofarta. Tana ta shi min albarka, wai hannuna yana da kyau.

Juma'a, 25 ga Yuli, bayan azahar

Hadari tun asuba. Na ce yau ba haske, Precious ta ce a'a, gajimare shi ne labule na Allah, hasken ya fi taushi. Gaskiyarta. Bai taɓa yin kyau kamar yau ba.

Kujera sai da filo biyu, na lulluɓe su da babbar riga. Minti uku kawai ya iya zama. Da can sai in yi rabin awa ina juya shi, yanzu kafin in ɗauko shi na gama shirya komai, inda ƙafar kujera za ta tsaya ma na yi alama da gawayi a siminti. In goge kamara, in zauna a turmi, in taɓa ido, in danna. Shi ke nan.

Muna cikin yi aka tashi nakiya a wajen dutse, kwanon gida ya amsa. Ko firgita bai yi ba. Ya ce, "Ramin gabas ne wannan. Sun yi latti yau." Har yanzu da su yake. Su kuwa sun sa wani a injinsa tun watan azumi.

Na kai wa Precious ta gani kafin in tura. Ta ce, "Kai, Maman Yusra, ka fi ni hannu yanzu." Sai ta riƙe wayar ba ta ba ni ba. Ta ce, "Amma har yaushe?"

Na ce ba ni wayata.

Na huɗu.

Lahadi, 27 ga Yuli, la'asar

Na ce masa ko dai a gaya mata? Ya juya ya kalli bango. Gadon gidansu ne kallon bango.

Laraba, 30 ga Yuli, ƙarfe shida na yamma

Jiya na gwada, yau na gwada. Faranti ya daina aiki. Tawul yana zamewa don ba abin da zai riƙe shi. Na canza gefe, na ja baya, na hau kan turmi na ɗauka daga sama. Ko ta ina na ɓullo abin yana nan a fuskar.

Nasrullahi ya zo, wannan karon da lemo leda ɗaya. Ya tarar da ni ina goge hotuna. Ya ce, "Anti, ke kina wahalar da kanki da faranti kamar zamanin da. Kawo." Ya shiga kamara ya danna wata 'yar fuska mai tauraro. Wai biyuti. Ya ja layin har ƙarshe. "Ɗauka yanzu."

Na ɗauka. Innalillahi. Kumatu sun ciko, fata sumul, har wani fari ya yi kamar ɗan Larabawa. Baban Yusra ya ce mu gani. Ya kalla ya ce, "Auta ka taimaka." Wata guda ina kan turmi ba a ce na taimaka ba.

Na aika wa Precious. Ta kira ni nan take. "Maman Yusra, abeg, kashe wannan abu. Wannan ba hoto ba ne, fenti ne. Yana share komai. Bai san wanne ne ciwo wanne ne mutum ba."

Na ce ke mijinki lafiyarsa lau. Na kashe mata waya. Ban kyauta ba, na sani.

Juma'a, 1 ga Agusta, ƙarfe biyu da rabi

Na biyar. Da biyuti. A kwance na ɗauka na juya hoton ya zama kamar a tsaye yake jikin bango.

Asabar, 2 ga Agusta, magariba

An buɗe saƙon tun jiya. Ba masha Allah, ba a gaishe da mutanen gidan. Shiru.

Lahadi, 3 ga Agusta, bayan azahar

Saƙon murya ya shigo daga wayar Mashkura. Na ɗauka ita ce. Inna ce. Inna da ba ta taɓa yarda a ɗauki muryarta ba. Na saurara sau shida, bari in rubuta yadda ta faɗa.

"Saudatu. Ke nake ma magana. Na ga abin da kika turo. Yaro ne mai kyau, Allah ya raya ma uwarshi, amma ba nawa ba ne. Nawa yana da bille a kuncin hagu. Ina cikin ɗaki wanzami ya yi mashi, ta bango nake jin kukanshi, ba a bar ni na fito ba. Ya ɗan karkace daga ƙasa don ya fizge kai. Shekara arba'in da bakwai ina kallon billen nan ta wutsiyar ido. Juma'a huɗu yana nan. Wannan babu. To wanda ya iya share bille, mi kuma ya share? Ki turo mani wanda na haifa."

Na buɗe hoton na jawo kuncin da yatsa. Babu. Sumul kamar ƙwai. Tsagar nan guda ɗaya da ta gangaro daga gefen hancinsa, wadda nake gane shi da ita ko a cikin taron masallaci, babu ita. Ni da nake kwana kusa da kuncin nan ban lura ba. Shi mai fuskar bai lura ba. Auta mai digiri bai lura ba. Sai tsohuwar da idonta ba kyau, mai kallon bango.

Na kunna masa ya ji. Da saƙon ya ƙare ya ce, "Gobe ki kashe abin Auta. Ki ɗauko farantinki."

Litinin, 4 ga Agusta, ƙarfe goma na safe

Wannan dole in rubuta shi.

Na kashe biyuti. Na kawo shi kujera, rabi tafiya rabi ɗauka. Na sa tawul, na sa hula, na ɗora faranti. Hannunsa ya kasa riƙe farantin, sai zamewa yake. Na tsuguna ina gyara masa, sai na ga fuskata a ciki. Ban san me ya same ni ba. Na ɗauke farantin na jingina a bango. Na zare tawul ɗin, hagu da dama. Na cire hular.

Ya ce, "Me kike yi?"

Na ce hoto.

Na goge kamara da bakin zanena. Na juya kujerar kaɗan yadda hasken ƙofa zai sauka a kuncin hagu. Na zauna a turmi daidai idonsa, na ja baya, na taɓa idon a sikirin. Duk abin da Precious ta koya min ranar farko na yi, ba wanda na bari. Sai dai yau ban rufe komai da shi ba.

Bai kau da kai ba. Ni yake kallo, ba waya ba. Guda ɗaya na danna.

Ya ce, "Saude, in kika tura ban yafe ba."

Shekara sha tara bai taɓa faɗa min wannan kalmar ba. Na ce Baban Yusra, ranar da za a kira ta a waya a gaya mata, wa za a ce ya ɓoye? Kai ba ka nan. Auta yana ofis. Ni ce. In na tura ni ce, in ban tura ba ni ce. To gara ni ce ɗin da za ta same ka da rai.

Ya ce, "Na faɗa miki."

Na tura yana kallona.

Litinin, bayan la'asar

Mashkura ta kira tana kuka tana zagina, duka a haɗe. Na ce Inna fa, ta faɗi? Ta ce ba ta faɗi ba, kaya take ɗaurewa da hannu ɗaya.

Nasrullahi ya kira sau tara. Na ɗaga na ƙarshe. "Wallahi in wani abu ya samu Inna a hanya, ke ce!" Na ce layi ne, ka bi baya.

Shi kuwa tun safe bai yi min magana ba. Ruwa ma sai da Yusra ta ba shi ya karɓa.

Talata, 5 ga Agusta, bayan magariba

Sun iso ƙarfe biyar. Ta hau dutsen nan da ƙafarta, Mashkura ta kama ta ta fizge. Na durƙusa a tsakar gida na gaishe ta, ta wuce ni kamar turmi.

Ta shiga ɗaki. Na ɗauka bango za ta kalla. Ta zauna a bakin katifa ta zuba masa ido, kai tsaye, a gabana, a gaban Mashkura, a gaban jikokinta. Ya yi ƙoƙarin tashi ya durƙusa, ta danne shi. Ta sa babban yatsan hannunta mai lafiya a kan billen, ta bi shi tun daga hanci har inda ya karkace.

Ta ce, "Lawal."

Mashkura ta toshe baki. Shi kuwa kuka, irin na yara, ba sauti don ba numfashin yi.

Ta sake cewa, "Lawal. Lawal." Kamar mai biyan sallolin da suka wuce ta.

Na fita na hura wuta. Ba abin da zan dafa, na dai hura.

Laraba, 6 ga Agusta, azahar

Ba ta tashi daga gefensa ba sai alwala. Ita ke ba shi ruwa da cokali. A hannunta yana zama.

Da ta fita alwalar azahar ya ɗaga min yatsa. Na matso. Ya ce, "Mu ga hoton." Na nuna masa. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Ashe haka na koma." Can kuma ya ce, "Billen dai yana nan." Har ya so ya yi dariya.

Na tsaya ina jira. Inna ta dawo, na ba ta wuri.

Bai ce ya yafe ba. Bai kuma sake cewa bai yafe ba. Da wannan zan zauna.

Alhamis, 7 ga Agusta

Sun fita da shi a makara ƙarfe sha ɗaya. Ruwa bai sauko ba sai da suka dawo.

Juma'a, 8 ga Agusta, ƙarfe biyu da rabi

Hannuna ya ɗauko waya da kansa.

Asabar, 9 ga Agusta, la'asar

Sadakar uku. Mata cike da gida. Maman Nazeefa ta miƙo min wayarta, wai in ga abin da ƙanin mijina ya sa. Hoton biyuti ne. Fari sumul ba bille, an zagaye shi da fulawa, an rubuta Turanci a ƙasa. Mata suna karɓa hannu zuwa hannu. "Allah sarki, ji kyan mutum." "Ai bai ma rame ba." "Lokaci ne kawai."

Lokaci ne kawai. Foman ma ya zo, haka ya ce. Ya ci shinkafa faranti biyu.

Alhamis, 14 ga Agusta, da hantsi

Inna ta tafi yau.

Jiya ta ce wa Mashkura tana son hoton nan a takarda. Ba ta ce wanne ba, ba wanda ya tambaya. Ni ba fita, ina takaba. Na aika wa Precious na ƙarshen ta waya, ban ma iya ba ta haƙurin rannan ba. Ita ta hawo da shi da kanta a ambulan, ta rungume ni ta ce, "Maman Yusra, wannan shi ne hoto." Ta juya da sauri.

Na kai wa Inna ɗaki, ta riga ta yafa mayafi. Kwana tara muna gida ɗaya, gaisuwa kawai. Ta zaro shi ta kai kusa da ido. Ta sa yatsa a wajen billen. Ta mayar a ambulan ta cusa cikin zaninta ta ɗaure.

Ta ce, "Saudatu, an ce ke kika ɗauki duka."

Na ce ni ce, Inna.

"Har na dariyar nan?"

Na ce har shi.

Ta gyaɗa kai. "Kin iya. Wallahi kin iya. Da ba ki iya ba, da tun Juma'ar farko na taho." Ta miƙe ta dafa ƙofa. "Juma'a biyar kika ci mani. Kika ba ni kwana biyu."

Na buɗe baki in ce shi ya hana. Na tuna yana ina. Na rufe.

Ta kai tsakar gida ta tsaya ba ta juyo ba. Ta ce, "Kwana biyun ma, Allah ya yi maki albarka." Ta fita.

Ban san wanne zan riƙe ba. Duka biyun nawa ne.

Juma'a, 15 ga Agusta, ƙarfe tara

Ina shara na ga alamar gawayin nan a siminti, guda huɗu, inda ƙafar kujera ke tsayawa. Hasken ya shigo ta gefe ya sauka a kansu daidai. Akwai ɗan gajimare, mai taushi. Irin wanda ake nema.

Na mayar da faranti kabad. Na saki labule.